Askar Wanzami a Bayan Gilashi

  Ga rubutaccen bayanin shirinmu na lafiya na wannan mako, domin wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana layin duwan. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Yau zancen wani gida za mu yi. A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai babbar kwalejin likitocin tiyata, wato masu aikin da wasunmu ke ce wa operasiyo. A cikin ginin kwalejin an ware ɗakuna da ba a kwantar da mara lafiya ko ɗaya. Abin da ke ciki shi ne tsofaffin asake, da zarto, da almakashi, da allurai, da zane-zanen likitocin da, da ƙasusuwa, da sassan jikin mutum da na dabba a cikin kwalabe. Duk an jera su a bayan gilashi, kowanne da 'yar takarda mai faɗin sunansa da shekararsa da wanda ya yi aiki da shi. Shiga kyauta ne. Na san wani dattijo a ruga zai ce, to ɗana, ina ruwan mai kiwo da asaken Turawa? Baba, a yi mini haƙuri kaɗan. Wannan kwaleji da kuke ji, asalinta ƙungiyar wanzamai ce.

Ba ba'a nake yi ba. Shekaru ɗari biyar da suka wuce, likitan Turai mai karatun littafi ba ya taɓa jini, yana ganin ƙasƙanci ne. Mai aski shi ke yin ƙaho, shi ke cire haƙori, shi ke fasa ƙurji, shi ke bin sojoji fagen yaƙi yana yanke ƙafar da ta lalace. A 1505 aka ba wanzaman birnin Edinbara na Sikotilan takardar amincewa da sana'arsu. A 1540 Sarki Henri na Takwas ya haɗa masu aski da masu fiɗa na Landan a ƙungiya guda, har wani gwanin zane mai suna Holbein ya zana sarkin yana zaune da takardar a hannu, su kuma suna durƙushe a gabansa. Sai a 1745 suka raba gari, masu aski suka tsaya kan gashi, masu fiɗa suka kama hanyar da ta kai su ga zama kwaleji a 1800. Har gobe a Ingila, likita namiji in ya ƙware a tiyata sai ya ajiye sunan Dokta a koma kiransa Mista, don tunawa da zamanin da magabatansa ba su da takardar jami'a. Abin da a da gori ne, yau ya zama rawani.

Mutumin da gidan tarihin ke ɗauke da sunansa shi ne Jon Hanta, an haife shi a 1728, ya rasu a 1793. Ku bar dariyar sunan, Hunter ake rubutawa. Ɗan ƙauye ne da ya tashi a gona, bai yi nisa a lakwal ba, amma Allah ya ba shi ido. Duk abin da ya mutu a gabansa sai ya buɗe ya ga yadda aka ƙera shi, daga ƙudan zuma har kifin teku. Ga wani abu da zai yi wa makiyaya daɗi. Kun san idan saniya ta haifi tagwaye, namiji da mace, yawanci macen ba ta haihuwa, ta girma kamar karsana amma ba ta ɗaukar ciki. Wannan abu da kowane Ardo ya sani tun yana yaro, Hanta ya bi shi har mahauta, ya fiɗe irin waɗannan shanu, ya ga mahaifarsu ba ta cika ba, ya rubuta bayaninsa a 1779. Ɗalibinsa kuma, Edward Jenner, shi ne wanda a 1796 ya ɗebo ruwan ƙurjin da mai tatsar nono ta kama daga saniya, ya yi wa yaro ɗan shekara 8 lamba da shi, aka sami rigakafin agana. Fatar wannan saniya tana rataye har yanzu a wata makarantar likitoci a Landan. Saniya fa, jama'a, an ajiye fatarta don girmamawa.

Hanta ya tara abubuwa kusan 14,000. Bayan rasuwarsa gwamnati ta saye su a 1799 ta danƙa wa ƙungiyar masu fiɗa. A watan Mayu na 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, bam ɗin Jamus ya faɗa kan ginin, fiye da rabin kayan suka ƙone. Abin da ya tsira shi ake nunawa, kuma an sake buɗe gidan a 2023 bayan gyara na shekaru.

Ba duk abin da ke cikin gidan nan ne abin yabo ba, kuma gara in faɗa. Akwai wani saurayi ɗan Ailan, Charles Byrne, dogo ne na ban mamaki, ya haura mita biyu da santimita talatin, ana biyan kuɗi a kalle shi. Ya san masu fiɗa na jiran gawarsa, sai ya bar wasiyya a nutsar da shi a teku. Ya rasu a 1783 yana da shekara 22, Hanta ya bi ta bayan gida da kuɗi ya sami gawar, kuma ƙwarangwal ɗinsa ya tsaya a gilashi kusan shekara ɗari biyu. Ko a shahararren hoton Hanta da aka zana, ana hango ƙasusuwan ƙafafun yaron a bayansa. Sai a 2023 aka daina nuna shi, amma har yau ba a binne shi ba. A wurina wannan cin amana ne, ko da an ce ilimi aka nema. Gawa tana da haƙƙi, wasiyya tana da haƙƙi. In mun tashi yin namu gidan tarihi, ƙarfe da fata da ƙaho za mu ajiye, mutum kuwa a kai shi makwancinsa.

To me kayan ke koyarwa? Wanda ya tsaya gaban zarton yanke ƙafa na shekaru ɗari biyu baya, abin da zai fara fahimta shi ne sauri. Babu maganin sa barci. Ƙarti ke danne mutum, gwanin likita kuwa shi ne wanda zai raba ƙafa da jiki kafin minti ɗaya ya cika. Abokan gaba uku ne suka hana aikin fiɗa ci gaba tsawon ƙarnoni: zafi, da zubar jini, da ruɓewar miki. Kowane gilashi a gidan labarin yaƙi ne da ɗaya daga cikinsu.

Wajen jini da miki, wuta aka fi dogara da ita, kamar yadda muke yi wa dabba lalas ko a yi wa kumburi sakiya. Babban malamin wannan fanni Musulmi ne, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya zauna kusa da Ƙurɗuba a Andalus, ya rasu wajen 1013. Littafinsa At-Tasrif kashi talatin ne, na ƙarshen kan aikin hannu, kuma a ciki ya zana kayan aiki kusan ɗari biyu, da yadda ake riƙe kowanne. Ya yi bayanin ƙaho, da ɗori, da ƙuna da ƙarfe, da ɗinke ciki da zaren hanjin dabba wanda jiki ke narkar da shi da kansa. An juya littafin zuwa Latin, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi. Ku lura da abin da ya sa sunansa bai ɓata ba: ya zana, ya rubuta.

Bayansa da shekaru ɗari biyar sai ga wani wanzamin Faransa, Ambroise Paré. A zamaninsa tafasasshen mai ake zuba wa raunin bindiga, wai don a kashe dafin albarushi. A 1537, a wani yaƙi a Italiya, mai ya ƙare masa, sai ya haɗa ƙwaiduwar ƙwai da man fure da wani ƙaro ya shafa wa sauran sojojin. Da gari ya waye ya tarar waɗanda aka ƙona da mai suna ta zazzaɓi da kururuwa, waɗanda aka shafa wa haɗin sun yi barci. Daga ranar ya bar mai. Daga baya kuma ya koma ɗaure jijiyar jini da zare maimakon ƙona ta. Abin da ya burge ni game da shi, bai ce haka na gada wurin maigidana ba. Ya duba marasa lafiya biyu, ya bi wanda ya fi samun sauƙi.

Zafi kuwa an karya lagonsa ranar 16 ga Oktoba 1846 a birnin Boston na Amurka, inda aka shaƙa wa mutum wani ruwa mai tururi ya yi barci, aka cire masa ƙari a wuya, ya farka bai yi ihu ba. Saura ruɓewa. Har bayan wannan, likitoci na shiga ɗakin fiɗa da rigar da jini ya bushe a kanta, su yi wa mutum biyar aiki da wuƙa ɗaya, marasa lafiya na mutuwa bayan aikin ya yi kyau. A 1867 Joseph Lister ya nuna cewa ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani ne ke shiga miki, kuma in an wanke hannu da kayan aiki da maganin kashe su, mutuwa na raguwa ƙwarai. Manyan likitoci da yawa sun yi masa dariya kafin su bi. Wanzami ba ya son jarfa, ko Bature ne.

Irin wannan gida ba Landan kaɗai ke da shi ba. A Faris, tsohuwar makarantar likitoci na da nata, inda aka ajiye 'yar lanƙwasasshiyar wuƙar da aka yi wa Sarki Luwi na Goma Sha Huɗu aiki da ita a 1686, saboda wani miki da ya huda masa kusa da dubura. Likitan ya fara gwada hannunsa a kan talakawa masu irin ciwon kafin ya taɓa sarki, kuma sunan sarki kaɗai ake tunawa. A Shikago ma akwai wani da ƙungiyar likitocin tiyata ta duniya ta buɗe a 1954, wanda ya cika da gumaka da zane-zane.

Amma wuƙar da ta fi tsaya mini a rai daga Afirka ta fito. A 1879 wani ɗalibin likita Bature, Robert Felkin, ya isa Kahura a ƙasar Bunyoro, cikin Uganda ta yau, ya tarar ana shirin fiɗe wata mata da haihuwa ta gagara. Ya ga gwanin garin ya ba ta giyar ayaba har ta yi laushi, ya wanke hannunsa da cikinta da giyar, ya tsaga, mataimaki na taɓa wuraren jini da jan ƙarfe kaɗan-kaɗan, aka fito da jariri, aka haɗe mikin da tsinkayen ƙarfe guda bakwai da zare. Da Felkin zai bar garin bayan kwana goma sha ɗaya, uwa da ɗa suna lafiya. A wannan zamani, a manyan asibitocin Turai, mace in an yi mata irin wannan aiki sau da yawa ba ta tashi. Wuƙar tana Landan a gidan tarihin kimiyya, da sunan Felkin a jikin takardarta. Sunan gwanin da ya riƙe ta bai shiga takarda ba.

Nan ne maganar ta iso gida. Mu ma muna da masu aska, kuma ba jiya suka zo ba. Ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, wasu ta Jugu su ratsa ƙasar Kotokoli, wasu ta Mango, ba jakuna da kanwa kaɗai suka kawo ba. Sun zo da malamai da mahauta da makaɗa da wanzamai, suka zauna a zanguna irin su Didawure a Sokode. Har a Gana, kalmar wanzam ta shiga bakin waɗanda ba sa jin Hausa, ita suke kiran mai kaciya da ita. Ƙarfe kuma ba sai an je nesa ba, ga Basar nan yamma da Sokode, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana narka tama, tsofaffin matoyan ma suna nan tsaye. Garin da ke fitowa rawar wuƙa lokacin bikin Adosa ba a koya masa darajar kaifi.

Ku buɗe zabirar tsohon wanzami ku gani. Askar aski daban, 'yar ƙaramar askar tsaga daban, ta kaciya daban. Ga ƙahoni manya da ƙanana, kowanne da hudar da ake tsotsa a toshe. Ga hantsaki, ga almakashi, ga dutsen wasa aska da fatar goge ta, ga ƙullin garin magani na tsayar da jini. Zabirar kanta aikin dukawa ce, da rini da ɗinki da aljihuna, abin kallo ce ko ba komai a cikinta. Wannan ai shi ne tarihi da zane a wuri guda, irin abin da Turawa suka gina wa benaye.

Ku ma makiyaya kuna da naku. Kayan dandaƙa da na fiɗiya, ƙarfen lalas, tsinken da ake huda kuiɓin hagu na saniya in ciki ya kumbura iska ta fita, karan da ake ɗaure karayar maraƙi. Akwai ma wanda ya fi waɗannan. Tun kafin zuwan likitan dabbobi, Fulani da wasu makiyayan yammacin Afirka na yi wa shanu rigakafin ciwon huhu: a yanko ɗan guntun huhun saniyar da cutar ta kashe, a tsaga fatar karan hancin mai lafiya a cusa. Wurin yakan kumbura, wani lokaci ya bar wani tsiro mai tauri kamar ƙaho. Wani masanin dabbobi Bafaranshe a ƙarni na 19, Rochebrune, da ya ga irin waɗannan shanu na Senegal, sai ya ɗauka sabon jinsi ne, ya raɗa masa suna sa mai ƙaho uku. Ashe lambar rigakafi ce yake kallo. A Turai sai a 1852 wani likitan Beljiyam, Louis Willems, ya bayyana irin wannan dabara, shi a wutsiya yake yi. Yau allurar ma'aikatan dabbobi ta fi wannan aminci nesa ba kusa ba, don tsohuwar hanyar na iya kashe dabba ko ta bar cuta a garke, amma wa zai ce wanda ya ƙago ta ba masani ba ne?

Ina waɗannan kaya suke tafiya? Tsoho ya rasu, 'ya'ya sun koma acaba ko shago, zabira na rataye har gara ta ci fatar. Ko kuma dillalin kayan da ya zo ya ba da jaka biyu ko uku na sefa, ya kai Lome, daga can ta haye teku, a rubuta mata "kayan Afirka ta Yamma" kawai, babu gari, babu suna. Ku fatake kun fi ni sanin wannan ciniki, wasunku ma ta hannunku kayan ke wucewa. Haka allunan masu aski da ake zana kawuna a kai suka zama abin saye a Turai, mu muna ganinsu tarkace.

Ga abin da nake ganin za mu iya, ba sai mun jira bene ba. Sokode na da gidan tarihi na yanki, Dapaong ma na da nasa, an kafa su ne don kayan al'adun mutanen wurin. Jami'ar Lome da ta Kara suna horar da likitoci, kuma ɗalibin da zai riƙe wuƙa gobe ya kamata ya ga wadda aka riƙe jiya a garinsu. Iyalin da ke da tsohuwar zabira su je su yi magana da masu kula da gidan, ko a matsayin kyauta ko aro, a rubuta yarjejeniya, a ba su takarda. In ba a shirya rabuwa da ita ba, to a ɗauki hoton kowane ƙarfe da waya, a zaunar da tsohon da ya san aikin a naɗi muryarsa. Sunan mai kayan, wurin wa ya koya, daga wane gari kakansa ya taso, wane maƙeri ya ƙera askar, me ake yi da kowace, me ake yi in jini ya ƙi tsayawa. Ƙarfe ba ya magana, in mai bayanin ya tafi sai ya koma ƙarfe kawai. Sarakunan aska da sarakunan zango da Ardo-Ardo, wannan aiki ya fi ƙarfin matasa su kaɗai, da bakinku za a saki kayan.

Yanzu ga ɓangaren da na san ba kowa zai so ba, kuma ina neman afuwar iyayena wanzamai. Turawan nan ba don zarto ya fi kyau suka sa shi a gilashi ba, sun sa shi ne don sun daina aiki da shi. Mu ma akwai kayan da lokacin hutunsu ya yi. Askar cire beli na cikinsu. Belin jariri ba cuta ba ne, halitta ce, kowa da shi aka haife shi, kuma yanke shi a kwana na uku ko na bakwai na iya jawo zubar jini da jariri ba shi da ƙarfin jurewa, ko ciwon tetanos mai sandarar da jiki ya kulle muƙamuƙi. Haka yankan gishiri da ake yi wa mace mai doguwar naƙuda, yana cikin abubuwan da ke huda mafitsara a bar ta da yoyon fitsari. Asibitin Babbar Ruga a Katsina da na Danja kusa da Maraɗi sun ga irin waɗannan mata ba adadi. Kaciyar mata kuwa dokar Togo ta hana ta tun 1998.

Aski da ƙaho da kaciyar maza suna nan, ba wanda ya ce a bari. Abin da ya canza shi ne abin da Lister ya gano. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya kwana bakwai da rai a kan ƙarfen da jini ya bushe a kai, kuma goge aska a fata ko a tsumma ba ya kashe ta. Reza sabuwa ga kowane mutum, a buɗe ta a gabanka. Ƙahon da ya sha jinin wani kada ya hau bayanka sai an wanke an tafasa shi. Wanzamai da yawa a kasuwanninmu sun riga sun koma haka, su ya kamata a riƙa kai wa ciniki. Kuɗin reza bai kai na goro ɗaya ba.

Sai maganar tsoron tiyata, wadda ita ce ke cin mutanenmu. Masu ɗaukar buhu a Sinkase da masu tafiyar ƙasa da garke, ƙaba da gwaiwa sun yi yawa a cikinmu, ana ɗaurewa da ɗamara ana kunyar faɗa. Muddin kumburin na komawa ciki in an kwanta, aiki ne da ake sa wa rana, a shirya kuɗi, a yi shi cikin natsuwa, sau da yawa ma allura ce a baya, ƙasan jiki ya mutu kana farke. Amma ranar da ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga ciwo, ga amai, ba bayan gida ba tusa, to hanji ne ya shaƙe, kuma cikin sa'o'i kamar shida yana iya fara mutuwa. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba na ƙaho ba ne, ba na a jira a sayar da kaya ba ne. Kada a ba shi abinci ko ruwa, a nufi babban asibitin yanki na Dapaong ko na Sokode, ko na Mango da aka buɗe a 2015, ko na koyarwa a Kara. Na gefen Benin kuma sun san na Tangiyeta. A tafi da 'yan uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini. Kun san a 2022 aka sa yankin Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, tafiyar dare ta yi wuya musamman ta wajen Kpenjal. Shi ya sa mai ƙaba gara ya je a duba shi da rana tsaka yana tafiya da ƙafarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka sukar ƙahon sa a ciki, ko da ramin ƙarami ne a waje. Haka karayar da ƙashi ya huda fata, wannan asibiti za a fara kai ta kafin a yi zancen maɗori. In kuma an yi ɗori, a riƙa duba yatsu: in sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko mutum ya daina jinsu, ɗaurin ya yi tsanani, a sassauta a garzaya. Yara da dama sun rasa hannu ba don karayar ba, sai don ɗaurin.

Akwai wani ɗan ƙarfe da na fi so in gani a gilashin farko in an buɗe mana wannan ɗaki. Tsofaffinmu sun tuna mata masu rataye ɗan hantsaki a wuya, suna tuge gashin ido da ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido, saboda ciwon amodari, har ya kai ga makanta. Ƙaramin aiki ne a fatar ido ke gyara shi, na 'yan mintoci, tare da magani da ruwan wanke fuska. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Togo ta kawar da wannan ciwo a matsayin matsalar jama'a, bayan kurkunu a 2011, da tundurmi a 2017, da ciwon barci a 2020. Yaran da ake haifa yanzu a Dapaong, in sun ga hantsakin nan ko tsinken da ake naɗe kurkunu a kai, sai an yi musu bayani.

Wanda ke da tsohuwar zabira ko kayan aikin garke a gida, ko ya san tsohon da ke da labarinsu, ya aiko mana da saƙo ta hannun wakilanmu na kasuwa, ko ya biyo tasha ranar da ya shigo gari. Za mu zo da na'ura mu naɗi bayanin a harshen da mai shi ya fi so, Hausa ko Fulatanci ko Kotokoli ko Moba, mu bar wa iyalin kwafinsu, kayan kuma ba za mu ɗauka ba. A shiri na gaba za mu zauna da wanzamai da ma'aikatan asibiti a teburi guda kan maganar kaciyar yara lokacin hutun lakwal. Allah ya tsare hanya, ya ba garke albarka.